Da Sauƙi

Likita ya ce, yaya bayan?
Na ce da sauƙi.
Haka Inna ta koya mini amsa gaisuwa,
ko da ƙashina na kuka kamar tsohon ƙyaure.
Na ga ya sunkuya ya rubuta.
Bayan wata biyar takarda ta iske ni a Kolambas:
ba ki cancanta ba,
da bakinki kin ce kin samu sauƙi.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga tsofaffin Ohayo,
daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa wanka.
Ran wata Talata tsohuwa ta zame mini,
na tare ta. Ita ba ta kai ƙasa ba.
Ni ce har yau ban gama faɗuwa ba.

Lauyar da aka haɗa ni da ita ta ce, Tabawa,
bar ba su labarin ranar da kika iya,
ba su na ranar da safa ta gagare ki sawa.
Sai na zauna da baƙin biro,
shafi ashirin da ɗoriya,
ina tona wa jikina asiri:
taku nawa kafin in nemi bango,
minti nawa nake iya tsayuwa kan tukunya,
wa ke ɗaure mini takalmi,
tun yaushe na koma sallah a kujera.
Abin da na ɓoye wa ƙanwata Kubura
na shimfiɗa shi gaban baƙo mai kwamfuta
wanda ko sunana bai iya kira ba.

Sai a zuwa na biyu suka yarda.
Kuɗin kan shigo ɗaya ga wata,
kafin sha biyar haya da wuta sun yi rabon gado da shi.
Kuma da igiyarsa ya zo:
kada ajiyata ta haura dala dubu biyu.
Ashe talauci ma amana ne,
sai ka riƙe shi da kyau, kada ya kuɓuce maka.

Muna da adashe, mu takwas, matan masallaci,
tun ina hawa bene da gudu.
Da kwasa ta zo kaina cikin Maris
na ce wa Hajiya Lantana, tsallake ni.
Ta dube ni kamar na ƙi ruwa da buɗa-baki.
Ta yaya zan fahimtar da ita
cewa samu na iya tsiyata ni?

Ɗan yayana ya turo ɗari uku goron sallah.
Maimakon godiya, lissafi na kwana ina yi.
Da safe na buga waya,
minti arba'in ina shan kiɗan jira
don in kai ƙarar alheri.

Akwai ranakun da bayan ke yi mini afuwa.
Shekaranjiya na taka har shagon ɗan Somaliya,
na zaɓi attaruhu da hannuna,
na yi dariya da yaron da ke awo.
A hanyar dawowa sai waige nake,
kamar wadda ta sato lafiya,
kada wani ya gan ni a miƙe.

Yau wata ambulan ta sake zuwa,
suna son su duba ko har yanzu ina nan a karye.
Ban buɗe ba. Na ɗora mata kofin shayi.
Waya ta yi ƙara, Kubura ce daga Funtuwa,
zakara na cara a bayan muryarta.
Yaya, ya jikin?

Na dubi ambulan.
Na ja labule.
Na kare bakina da tafin hannu,
na ce, can ƙasa-ƙasa,
da sauƙi.